Harajin ƙaramar hukuma ga mai zama a jirgin ruwa a Ingila: turke ake dubawa

Tambaya: Ina aiki a Landan, kuɗin haya ya fi ƙarfina. Ina tunanin sayen ɗaya daga cikin siraran jiragen nan da mutane ke zama a ciki a kan kanal, wato hanyoyin ruwan da aka haƙa tun zamanin da dawaki ke jan jiragen kaya. An ce mini mazauna jirgi ba sa biyan harajin ƙaramar hukuma. Gaskiya ne? In kuwa haka ne, ba cin haƙƙin masu gidaje ba ne?

Amsa: Malam, wanda ya gaya maka haka rabin magana ya faɗa. Wasu mazauna jirgi suna biya, wasu ba sa biya, kuma girman jirgi ko tsadarsa ba shi ya raba su ba. Wurin da ake ɗaure jirgin ne ya raba su. Zan riƙa kiran wannan wuri turke, kamar na doki, don maganar ta zo da sauƙi. Bayanin duka a kan Ingila yake. Sikotiland tana da tata hukumar ruwa da nata tsarin, Wels kuma tana da nata ma'aunin darajar gidaje.

Harajin da kake nufi shi ne Council Tax, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu, 1993, a ƙarƙashin dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1992. A kan mazauni ake ɗora shi. Kafin shi an gwada harajin kai a Ingila a 1990, kowane baligi ya biya, abin ya jawo tarzoma a tsakiyar Landan a ƙarshen Maris na wannan shekarar, yana kuma cikin abubuwan da suka raba Margaret Thatcher da kujerarta a watan Nuwamba. Tun daga nan aka koma ga gida. Abin da doka ke nema shi ne tsayayyen wurin da za a nuna da yatsa a ce ga mazaunin wane. Jirgi kaya ne mai motsi, turke kuwa yana nan inda yake. Sashe na 66 na dokar kuɗin ƙananan hukumomi ta 1988, bayan gyaran da aka yi masa a 1996, ya ce turke ya zama mazauni idan jirgin da ke ɗaure a kansa shi ne gidan mutum, ko dai ba shi da wani, ko kuma shi ne babban gidansa.

To, idan ka samu turken da hukumar tsara gari ta ba izinin a zauna a kansa, lamba kaza a wuri kaza, naka kai kaɗai, za ka biya haraji kamar kowane mai gida. Ofishin gwamnati mai ƙiyasta darajar gidaje, Valuation Office, shi ke sa turken a rukuni. Rukunan takwas ne, daga A zuwa H, kuma har yau da farashin ranar 1 ga Afrilu, 1991 ake auna su. Rukunin A shi ne abin da darajarsa ba ta wuce fam 40,000 ba a wancan lokacin. Idan jirgin ya daɗe a wurin har ya zama tamkar wani ɓangare na turken, ana haɗa darajarsa da ta turken. Idan yana yawan fita tafiya mai tsawo, turken kaɗai ake ƙiyastawa. Ko ta wace hanya aka bi, yawancin siraran jiragen kanal a rukunin A suke faɗawa, sai dai manyan gidajen ruwa na bakin kogin Thames da kan haura.

Lissafin ba shi da wuya. Rukunin D shi ne ma'auni, rukunin A kuma yana biyan kashi 6 cikin 9 na abin da D ke biya. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, matsakaicin harajin rukunin D a Ingila fam 2,280 ne, ke nan na A ya kama fam 1,520. Idan kai kaɗai ne baligi a jirgin, za a rage maka kashi 25 cikin 100, ya dawo fam 1,140. Kowace ƙaramar hukuma da nata adadin, don haka duba na yankin da turken yake. Ana biya kashi goma, daga Afrilu zuwa Janairu, kana kuma da damar neman a raba maka shi wata goma sha biyu. Mai jirgin ne ke biya idan shi ke zaune a ciki. Idan haya ya bayar, ɗan hayan ne ke biya. Turken da babu jirgi a kansa ba a karɓar masa komai. Ɗalibin da ke cikakken karatu ba a ƙirga shi, jirgin da ɗalibai zalla ke ciki kuwa an yafe masa gaba ɗaya.

Akwai wani tsari a tashoshin jirage masu zaman kansu da ke rikita sababbin shiga. Mai tasha yakan rubuta a yarjejeniya cewa ba ka da turke na dindindin, yana da ikon sauya maka wuri, kuma yana sauyawar, wasu sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Da yake ba ka mallaki wani gurbi kai kaɗai ba, ofishin ƙiyasi yakan ɗauki tashar duka a matsayin wuri guda mai amfani biyu: ɓangaren kasuwanci ya biya harajin wuraren kasuwanci, ɓangaren zama ya samu rukunin haraji ɗaya, mai tasha ya biya, ya raba wa mazauna cikin kuɗin turke. Abin da zai faɗo kanka yakan yi ƙasa da rukunin A sosai. Halal ne a doka, amma sai sauyawar ta zama ta gaske. Idan a takarda kawai take, jirgin yana gurbi ɗaya shekara da shekaru, ofishin zai iya zuwa ya ware maka naka rukunin.

Inda mutane suka fi shiga uku shi ne turken shaƙatawa. Wannan turke ne na ajiye jirgi, mai shi ya zo ƙarshen mako ko lokacin hutu. Ya fi na zama araha, ya kuma fi shi yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa jama'a da dama ke karɓar sa su tare a ɓoye, mai tasha ya kau da kai. Ranar da ƙaramar hukuma ta gano, abu biyu ke faruwa. Za a sa turken a rukuni, a kuma iya bin ka bashin baya tun daga lokacin da ka tare. Sannan mai tasha, don kada a kama shi da karya ƙa'idar tsara gari, ya ba ka takardar tashi. Mazaunin jirgi ba shi da irin kariyar da doka ta ba ɗan haya a gidan ƙasa, kwanakin da aka rubuta a yarjejeniyar su ne kawai a hannunka. Wajen gane babban gidan mutum kuma ba bakinsa ake bi ba. Ana duba inda yake kwana, inda kayansa suke, inda ya yi rajistar likita da zaɓe, da makarantar 'ya'yansa.

Sai kuma waɗanda aka ba ka labarinsu, marasa turke. Hukumar da ke kula da yawancin kanal na Ingila da Wels ita ce Canal & River Trust, ƙungiyar amana da ta gaji British Waterways a watan Yuli 2012. Tana riƙe da hanyoyin ruwa kimanin mil 2,000 da jirage masu lasisi wajen 35,000. Sashe na 17 na dokar British Waterways ta 1995 ya ce a ba ka lasisi idan kana da inshora, da takardar shaidar lafiyar jirgi, sannan ɗayan biyu: ko kana da turke, ko ka gamsar da hukumar cewa tafiya ta haƙiƙa za ka riƙa yi da jirgin, ba za ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba sai da uzuri mai ma'ana, kamar rashin lafiya, lalacewar inji ko ƙanƙarar da ta daskarar da ruwa. Wanda ya ɗauki hanya ta biyu ba shi da turken da za a sa a rukuni, saboda haka babu harajin ƙaramar hukuma a kansa. Bai ɓoye komai ba, bai kuma yi wa kowa wayo ba. Ko ya je ofis da kuɗinsa a hannu babu asusun da za a zuba su.

Kada ka ɗauki wannan rayuwa da sauƙi. Dokar ba ta faɗi nisan da za a yi ba, amma hukumar ta bayyana cewa da wuya ta gamsu da wanda zagayensa a shekarar lasisi bai kai mil 20 ba, kuma kai da komo tsakanin unguwa biyu ba tafiya ba ce a wurinta. Ma'aikatanta suna bin gefen ruwa suna rubuta lambar kowane jirgi da inda suka gan shi. Wanda tafiyarsa ta gaza, sai a ba shi lasisin wata shida a ga ko zai gyara. In bai gyara ba a hana shi lasisi, daga nan kuma sashe na 8 na dokar British Waterways ta 1983 ya ba hukumar ikon fitar da jirgi daga ruwanta, ko da yake idan gidan mutum ne sai ta bi ta kotu. Ka riƙa rubuta ranar da ka tashi da inda ka sauka, ka ɗauki hoto mai kwanan wata, domin ba kullum ma'aikatan ke ganin ka a wurin da ka fi nisa ba. Mai aikin da dole ya isa ofis ƙarfe takwas na safe ya auna wannan da kyau kafin ya sa hannu.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi.

Marar turke yana biyan kuɗi, ba kaɗan ba. Lasisin jirgi mai tsawon ƙafa 57 ya haura fam 1,000 a shekara. Tun Afrilu 2024 hukumar kanal ta ɗora wa marasa turke ƙarin kashi 5 cikin 100, wanda aka tsara zai riƙa hawa kowace shekara har ya kai kashi 25 a 2028. Jirage masu faɗi ma suna da nasu ƙarin. Daga cikin wannan kuɗi ake kula da famfunan ɗibar ruwa, da wuraren zubar da ƙazantar ban-ɗaki, da bolar da hukumar ta tanada a bakin ruwa. Ke nan motar shara ta ƙaramar hukuma ba ta zuwa ƙofarsa. Dizal ma yana biyan haraji a kansa. Tun Nuwamba 2008, man da aka tuƙa jirgi da shi ana biyan cikakken haraji irin na mota, kusan kwabo 53 a lita a 2024, wanda aka yi ɗumama da wutar lantarki da shi kuma kwabo 10 da ɗoriya. Mai saye ne ke sa hannu ya faɗi rabon, yawanci 60 da 40, amma abin da ake so shi ne ka faɗi gaskiyar yadda kake amfani da shi. Asibiti daga baitulmalin ƙasa ake biyansa, yawancin kuɗin makarantu ma daga gwamnatin tsakiya yake zuwa, kuma mazaunin jirgi mai aiki yana biyan harajin albashi da na sayayya kamar kowa.

Duk da haka, hujjar nan ta "ba na amfani da bolarsu" ba ta gamsar da ni. Harajin ƙaramar hukuma ba ladan kwasar shara ba ne. Kaso mafi girma na abin da manyan ƙananan hukumomi ke kashewa yana tafiya ne ga kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da ba su da mai riƙo, wani ɓangare kuma ga 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Tsohuwar da ba ta da ɗa ko ɗaya tana biyan kuɗin riƙon 'ya'yan wasu, ba ta ce a cire mata ba. Jirgi yakan kama da wuta, murhun itace da na gas suna cikin ɗaki ɗaya mai faɗin ƙafa 6 da inci 10, kuma motar kwana-kwana ce ke zuwa. Mazaunin jirgi yakan tsufa, ƙafa ta gaza hawa da sauka, ƙaramar hukumar da ya tsaya a yankinta ce za ta ɗauki nauyinsa. Don haka mai gidan da ke kallon jirgi ta tagarsa yana jin an bar masa kaya, yana da abin faɗa.

Matsalar ita ce wa za a ba kuɗin. Regent's Canal a Landan bai kai mil 9 ba, amma ya ratsa Westminster, Camden, Islington, Hackney da Tower Hamlets, ƙananan hukumomi biyar. Jirgin da ke bin doka zai iya kwana a yankin hukumomi goma ko fiye a shekara guda. A ce kowace ta buɗe masa asusu na kwana 14, ta rufe, ta aika takarda zuwa inda babu akwatin wasiƙa, kuɗin aikin zai cinye abin da aka tara. Mu da muka san jangali mun san wannan tsohuwar matsala: mai yawo ba a kama shi da harajin gida, sai a nemi lokaci da wurin da za a iya ƙirga shi, shi ya sa a da ake ƙidayar shanu da damina sa'ad da makiyaya suka zauna. A kanal wurin ƙirgar shi ne lasisi, sau ɗaya a shekara, hukuma ɗaya. Idan majalisa ta ga dama ta sa wa marasa turke wani abu domin ƙananan hukumomi, ta nan kawai zai yiwu, a karɓa tare da lasisi a raba gwargwadon tsawon ruwan da ke yankin kowace hukuma. Sai an yi sabuwar doka, kuma dole a ware waɗanda ke da gida a ƙasa suna biya a can, domin ba duk marar turke ne ke zaune a jirginsa ba.

A san kuma girman abin da ake gardama a kai. Marasa turke kusan ɗaya cikin biyar ne na jiragen hukumar kanal, a ce 7,000. Ko da kowannensu ya biya rukunin A, abin da za a tara bai wuce fam miliyan 8 zuwa 11 ba, alhali harajin da ake karɓa a Ingila ya haura fam biliyan 40 a shekara. Wajen fam 2 zuwa 3 ke nan cikin kowane fam 10,000. Wanda ya fi jin rashin kuɗi shi ne kanal ɗin kansa. Tallafin gwamnati ga hukumar, fam miliyan 52 da ɗoriya a shekara, an sanar a Yuli 2023 cewa daga 2027 zai riƙa raguwa da kashi 5 cikin 100 kowace shekara. Ƙofofin ɗaga jirgi da gadoji da madatsun ruwa da yawansu sun haura shekara 200. A Agusta 2019 sai da aka kwashe mutane kimanin 1,500 daga garin Whaley Bridge saboda madatsar Toddbrook, mai shayar da kanal, ta nemi ɓallewa. Masu turke suna cewa su ne ke ɗauke da kaso mafi nauyi, tunda ban da lasisi suna biyan kuɗin turke, wanda hukumar ke samun rabo a ciki ko da tashar ta 'yan kasuwa ce. Ƙungiyar mazauna jirgi masu yawo, National Bargee Travellers Association, tana ganin ƙarin da aka ɗora musu hanya ce ta korar talaka daga kan ruwa. A ganina ƙarin yana da hujja idan ana ganinsa a famfo da bola da wurin zubar da ƙazanta. Idan ana ƙara kuɗi ana kuma rufe waɗannan wuraren, hujjar ta raunana.

Wanda ya ci haƙƙin jama'a a gaskiya shi ne mai karɓar lasisin yawo ya kafe a unguwa ɗaya, yana matsawa taku kaɗan ya dawo. Ya zama mazaunin gari, bai biya na gari ba, ya kuma tare gurbin da matafiyi zai sauka. Amma ko shi a dubi abin da ya kai shi. Turakun zama masu izini sun yi ƙaranci ƙwarai, a Landan kuɗin wasu a shekara yana gogayya da hayar ɗaki, kuma ƙananan hukumomi ne ke riƙe da izinin ƙara su. Sashe na 124 na dokar gidaje da tsara gari ta 2016 ya wajabta musu duba bukatun mazauna jirgi idan suna ƙididdigar bukatar gidaje a yankinsu. Duk turken zama da suka amince da shi, sabon mai biyan haraji ne suka samu.

Kai kuma, ka nemi turke kafin ka nemi jirgi, domin sayen jirgi ba ya ba ka gurbin da ka same shi a kai sai mai wurin ya yarda a rubuce. Ka tambayi mai tasha ko wurin yana da izinin zama, ko gurbin naka ne kai kaɗai ko ana sauyawa, da kuma wanda ke biyan harajin, duk amsar ta shiga yarjejeniya. Ka tanadi inshorar da za ta biya wanda ka yi wa ɓarna har fam miliyan 2, da takardar lafiyar jirgi da ake sabuntawa duk shekara 4.

Idan yawo ka zaɓa, kula da adireshin da za ka bayar. Mutane kan ari na ɗan'uwa ko aboki don banki da wasiƙu. Idan mai gidan shi kaɗai yake zaune yana cin ragin kashi 25, sunanka zai bayyana a gidansa lokacin da hukuma ke gwada bayananta da na rajistar zaɓe da kamfanonin bashi, a janye masa ragin, a bi shi na baya. Ku rubuta wa ƙaramar hukumar tun farko cewa wasiƙa kawai ake karɓar maka a nan, ko ka yi hayar adireshin wasiƙa. In kana da 'yancin zaɓe, akwai takardar shaidar alaƙa da yanki da aka tanadar wa marasa tsayayyen adireshi. Rajistar likita a Ingila ba ta bukatar shaidar adireshi, ko da wani ma'aikacin karɓar baƙi ya ce maka sai da ita.

Abu ɗaya ya shafi 'yan'uwanmu masu biza musamman. Ragin kashi 25 na mai zama shi kaɗai ba ya cikin tallafin gwamnati, kowa na iya nema. Amma ragin da ake yi wa masu ƙaramin ƙarfi, Council Tax Reduction, yana cikin jerin kuɗin jama'a da aka haramta wa wanda bizarsa ta hana shi cin tallafi, kuma karɓarsa na iya ɓata maka sabunta biza. Sunayen biyu sun yi kama a takardar hukuma, ka karanta da kyau kafin ka cike.

Idan aka sa turkenka a rukunin da kake ganin ya yi sama, kana da wata shida daga ranar da ka fara zama mai biya ka ƙalubalanci ofishin ƙiyasi. Idan kuwa gardamar a kan ko kai ne ya kamata ka biya take, ƙaramar hukuma za ka rubuta wa, ka ba ta wata biyu, in ta ƙi ko ta yi shiru ka kai ƙara Valuation Tribunal, wadda ba a biyan kuɗin shigar da ƙarar wannan haraji a gabanta. Ka ci gaba da biya har a yanke hukunci. Wanda ya tsallake wata ɗaya ana aiko masa takardar tuni ta kwana 7, in bai biya ba a nemi kuɗin shekarar duka a dunƙule, daga nan sai kotun majistare, a ɗora masa kuɗin kotu a kan bashin.